Rosalind Franklin: Masaniyar da ta bayyana wa duniya surar ƙwayar cutar bairos

A maƙabartar Yahudawa ta Willesden da ke arewa maso yammacin birnin Landan akwai kabarin wata mace da ta rasu tana da shekara 37 a duniya. Rubutun da danginta suka sa a jikin dutsen kabarin ya kira ta masaniyar kimiyya, sannan ya ambaci aiki ɗaya tak daga cikin ayyukanta, wato binciken da ta yi a kan ƙwayoyin cutar bairos da kuma amfaninsa mai ɗorewa ga bil'adama. Ba a ambaci DNA ba ko sau ɗaya. A yau kuwa, duk ɗalibin da ya taɓa jin sunan Rosalind Franklin, da wuya idan ba ta dalilin DNA ya ji shi ba, da labarin hoton da aka nuna wa wasu ba da saninta ba. Shekara biyu da 'yan watanni ta yi a kan wancan aiki. Shekara biyar ta ƙarshen rayuwarta kuwa a kan bairos ta ƙarar da su, kuma a nan ne ta jagoranci tawagarta, ta zaɓi tambayoyin da take son amsawa, ta kuma amsa da yawa daga cikinsu.

An haifi Rosalind Elsie Franklin ranar 25 ga Yulin 1920 a unguwar Notting Hill ta Landan, cikin wani gida na Yahudawan Ingila masu wadata da faɗa a ji. Mahaifinta Ellis Franklin ma'aikacin banki ne wanda yake koyarwa da yamma, a kyauta, a wata kwalejin ma'aikata. Daga danginsu ne Herbert Samuel ya fito, wanda ya riƙe muƙamin sakataren harkokin cikin gida na Birtaniya a 1916. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya biyar, kuma babba a cikin mata. Gidan nasu ya shiga aikin karɓar Yahudawan da suka gudo daga mulkin 'yan Nazi a Jamus, saboda haka ta tashi tana ganin hidimar jama'a a matsayin wani nauyi da ke kan duk mai hali.

Ta yi karatun sakandare a makarantar 'yan mata ta St Paul's, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun makarantun Landan da ke koya wa mata kimiyyar lissafi da ta sinadarai a wancan zamani. A 1938 ta shiga Kwalejin Newnham ta Jami'ar Cambridge, ta kammala a 1941, a lokacin da jami'ar ba ta fara bai wa mata cikakken digiri irin na maza ba. Yaƙin Duniya na Biyu na tsaka da ci, don haka a 1942 ta karɓi aiki a wata cibiyar binciken amfanin kwal ta Birtaniya. Aikin ba mai armashi ba ne a idon mutane, amma ƙasar da ke yaƙi da kwal take tafiyar da masana'antunta, kuma da gawayi ake cika takunkumin kare sojoji daga iska mai guba. Rosalind ta duƙufa wajen auna ƙananan ramukan da ke cikin kwal, waɗanda ido ba ya gani, ta hanyar lura da irin iskar da ke iya shiga cikinsu da wadda ba ta iyawa. Da wannan bincike ta sami digirin digirgir a 1945.

A 1947 ta koma birnin Paris, inda wata ƙawarta masaniya 'yar Faransa, Adrienne Weill, ta haɗa ta da wani ɗakin gwaje-gwaje na gwamnati. A can, ƙarƙashin Jacques Mering, ta koyi sana'ar da za ta riƙe har ƙarshen ranta. Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan sana'a, domin duk abin da ya biyo baya a kanta ya dogara.

Hasken eksire, wanda asibitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, yana da wani amfani na daban. Idan aka haska siririn zarensa a kan abin da ƙwayoyin zarrarsa ke jere cikin tsari, kamar ƙwayar gishiri, hasken yakan watse zuwa wasu kusurwoyi na musamman, ya bar ɗigo-ɗigo da zane-zane a jikin fim ɗin hoto da aka ajiye a baya. Abin da ke fitowa ba hoton abin ba ne, sawunsa ne. Kamar yadda mafarauci ke duban sawu a ƙasa ya faɗi irin dabbar da ta wuce da girmanta da saurin tafiyarta, haka masani ke auna tazarar ɗigon da duhunsa, ya yi lissafi da baya-baya har ya gano yadda ƙwayoyin zarra suke a jere. A wancan lokaci da hannu da 'yan injinan lissafi na tebur ake wannan aiki, kuma yakan ci watanni. Abubuwan da suka fi wahala su ne waɗanda tsarinsu bai cika ba, irin su gawayi da zare-zaren jikin halittu, domin sawunsu dishi-dishi yake fitowa. A kan irin waɗannan ne Rosalind ta ƙware. A Paris ta gano cewa gawayi iri biyu ne: akwai wanda idan aka ƙona shi da tsananin zafi yakan rikiɗa ya zama baƙin nan da ake sa wa a cikin fensir, akwai kuma wanda ba ya rikiɗa komai zafin wuta. Har yau masu sarrafa gawayi a masana'antu suna aiki da wannan rarrabewa. Waɗanda suka rubuta tarihinta sun haɗu a kan cewa shekarun Paris ne mafi daɗi a rayuwarta. Ta iya Faransanci sosai, ta saba da muhawara mai zafi a kan teburin cin abinci, ta kuma riƙa hawan duwatsun Alps a lokutan hutu.

Zamanta a King's College ta Landan, wanda ya fara a Janairun 1951, an ba da labarinsa sau da dama, don haka za a taƙaita. Shugaban sashen, John Randall, ya rubuta mata cewa ita da wani ɗalibi mai suna Raymond Gosling ne za su riƙe aikin haska DNA, amma bai fayyace wa Maurice Wilkins, wanda ya riga ya fara aikin, cewa ya yi haka ba. Ita tana ganin aikinta ne, shi yana ganin mataimakiya aka kawo masa. Daga nan zaman ya yi tsami. Duk da haka ta gano cewa DNA na da kama biyu, ɗaya idan ya bushe, ɗaya idan ya sha danshi, kuma ta nuna cewa ƙashin bayan sinadarin a waje yake, ba a ciki ba. A Mayun 1952 ita da Gosling suka ɗauki hoton da ake kira na 51. A farkon 1953 Wilkins ya nuna wa James Watson hoton, kuma wani rahoto mai ɗauke da ma'aunanta ya isa hannun Francis Crick a Cambridge. Ranar 25 ga Afrilun 1953 mujallar Nature ta buga maƙaloli uku a jere: ta Watson da Crick mai bayyana murɗaɗɗen tsanin DNA, ta Wilkins da abokansa, sai ta Rosalind da Gosling a ƙarshe, wadda mai karatu zai ɗauka tabbatarwa ce kawai take yi ga abin da wasu suka gano, alhali ma'aunanta na cikin tubalan da aka yi ginin da su.

Kafin maƙalolin su fito ta riga ta tattara komatsanta. A Maris na 1953 ta koma Kwalejin Birkbeck, wadda ita ma a Landan take, inda akasarin ɗalibai ma'aikata ne masu karatun dare. Ɗakunan binciken suna cikin wasu tsofaffin gidaje ne a dandalin Torrington da yaƙi ya bar su a raunane. Ofishinta na can saman bene, injinan eksire kuma na ƙarƙashin ƙasa. Ita da kanta ta kwatanta ƙaurar da barin fada zuwa unguwar talakawa, amma ta fi son haka. Mai gidan shi ne J.D. Bernal, gawurtaccen masani kuma ɗan gurguzu na fili, wanda mai zanen nan Picasso ya taɓa yi masa zane a bangon ɗakinsa da ke saman ɗakunan binciken. Bernal ya san darajar mata masu bincike, ya kuma bar ta ta yi abin da ta ga dama. Abin da ya miƙa mata shi ne bairos ɗin da ke sa wa ganyen taba dabbare-dabbare.

Mai karatu zai iya mamakin yadda cutar ganyen taba ta zama abin da manyan masana ke rububi. Dalilin shi ne da ita ilimin bairos ya fara. A 1892 wani Barashe, Dmitri Ivanovsky, ya tace ruwan ganyen da ya kamu da matatar da ke tare bakteriya, sai ya ga ruwan da ya wuce har yanzu yana harbin lafiyayyen ganye. A 1898 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya maimaita gwajin, ya yanke cewa wannan wani sabon nau'in mai haddasa cuta ne, ya kuma kira shi bairos. A 1935 Ba'amurke Wendell Stanley ya tace shi har ya zama ƙananan allurai masu ƙyalli da za a iya ajiyewa a kwalba, kuma in an narkar da su a shafa wa ganye sai cutar ta tashi. Wannan ya girgiza masana, domin ya sa iyakar da ke tsakanin mai rai da marar rai ta zama abin tambaya. Ba da daɗewa ba wasu Turawan Ingila biyu, Frederick Bawden da Norman Pirie, suka nuna cewa ba furotin ne zalla ba, akwai ɗan sinadarin RNA a cikinsa, wanda ɗan'uwan DNA ne. Bairos ɗin yana da sauƙin samu da yawa, ba ya lalacewa da wuri, kuma ba ya kama mutum. Bernal da kansa ya haska shi kafin yaƙi, Watson ma ya duba shi ya ce furotin ɗin a murɗe yake jere. Amma babu wanda ya san adadin guntayen, ko inda RNA ɗin yake zaune, ko yadda abubuwan biyu suke riƙe da juna.

Ƙwarewar Rosalind ta farko a hannu take. Ƙwayoyin wannan bairos siffar sanda gare su, kuma ba a samun hoto mai kyau sai an sa su sun kwanta a jere suna fuskantar waje ɗaya, kamar tsinken tsintsiya a ɗaure. Takan zuba su, suna da kauri kamar koko, a cikin wani siririn bututun gilashi, ta yi ta lallaɓa su har su daidaita, sannan ta bar su a gaban hasken na tsawon kwanaki. Hotunan da ta samu sun fi duk na waɗanda suka gabace ta fitowa sarai. A 1955 ta buga maƙala a Nature inda ta tsaya a kan cewa ƙwayoyin duk tsawonsu ɗaya ne, kuma an gina su da guntayen furotin masu kama ɗaya. Wannan ya saɓa wa ra'ayin Pirie, wanda babba ne a fagen kuma mai faɗa a ji a wurin masu ba da kuɗin binciken noma. Dangantakarsu ta lalace, amma ba ta janye ba, kuma bayan lokaci gaskiya ta tabbata a wajenta.

A daidai wannan lokaci ta fara tara mutane. Na farko kuma mafi muhimmanci shi ne Aaron Klug, wani matashi haifaffen Lituweniya wanda ya tashi a Afirka ta Kudu, gwani a lissafi, wanda ɗakinsa ke kusa da nata. Ya ga hotunanta a 1954, sai ya bar abin da yake yi ya bi ta. Sai ɗalibai biyu, Kenneth Holmes da John Finch, sannan wani Ba'amurke, Donald Caspar, da ya zo Ingila da nasa sakamakon a kan bairos ɗin. Duk wanda ya karanta abin da waɗannan mutane suka faɗa game da ita daga baya zai yi wuya ya gane cewa ita ce matar da aka siffanta da taurin kai da rashin iya zama da mutane a King's College. Ba ta da sassauci a kan aiki, ba ta kuma yarda da maganar da ba hujja, amma ɗalibanta sun riƙe ta da ƙauna har tsufansu. Sau da yawa abin da ake kira halin mutum halin wurin da aka ajiye shi ne.

Babbar tambayar ita ce mazaunin RNA. Hankali zai ba mutum cewa a tsakiyar sandar yake, kamar lagwani a cikin kyandir, furotin kuma ya lulluɓe shi. Caspar ya yi lissafin yadda nauyin ƙwayar ya rarrabu daga tsakiya zuwa gefe, sai ya ga tsakiyar fayau take, rami ne kamar na bututu. Rosalind kuma ta yi wata dabara mai sauƙin faɗa, mai wuyar aikatawa. Ta samo furotin ɗin bairos wanda aka raba shi da RNA, aka kuma bar shi ya sake haɗuwa ya zama sanda, daga wurin masanin nan na Jamus Gerhard Schramm. Ta haska wannan, ta haska cikakkiyar ƙwaya, ta kwatanta. Duk inda aka ga nauyi a cikakkiyar ƙwaya amma babu shi a ɗayar, to nan ne RNA yake. Bambancin ya bayyana a tazarar nanomita 4 daga tsakiya, nanomita ɗaya kuwa shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Ma'ana zaren RNA ɗin a binne yake cikin naman furotin, yana bin murɗin yana hawa, kamar waya da aka tufka a cikin igiya. A Mayun 1956 maƙalarta da ta Caspar suka fito kafaɗa da kafaɗa a Nature. Wannan ne karo na farko da aka nuna takamaiman wurin da sinadarin gado yake zaune a jikin wani bairos, kuma ya bayyana dalilin da ya sa wannan ƙwaya ke daɗewa ba ta lalace ba: abin da ke ɗauke da umarnin haihuwarta a killace yake ta kowane gefe.

Saura adadin guntayen. A nan ta yi amfani da bairos ɗin da Heinz Fraenkel-Conrat na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya maƙala wa kowane guntun furotinsa ƙwayar zaiba. Zaiba na da nauyi, don haka takan bar alama mai ƙarfi a hoton, tamkar an ɗaura wa kowace tunkiya ƙararrawa domin a iya ƙirga garke cikin duhu. Da wannan ita da Holmes suka tabbatar cewa guntaye 49 ne ke cika zagaye uku na murɗin. Surar da ta fito daga aikin nata ita ce har yau ake bugawa a littattafan makaranta: sanda mai tsawon nanomita 300 da faɗin nanomita 18, mai rami a tsakiya, wadda guntayen furotin kusan 2,130 suka gina, suna jere kamar matakalar bene mai zagayawa, da zaren RNA guda ɗaya a tsakaninsu.

Darasin da ke ciki ya wuce ganyen taba. Crick da Watson sun kawo hujja a 1956 cewa sinadarin gadon ƙaramin bairos ya yi kaɗan ya ɗauki umarnin gina babbar riga mai sassa daban-daban, saboda haka dole ya riƙa buga guntu iri ɗaya sau da yawa, kamar mai buga bulo da ma'auni guda, sannan guntayen su jeru da kansu. Hasashe ne mai kyau, amma hasashe ne. Ma'aunan da suka fito daga Birkbeck na cikin abin da ya mayar da shi ilimi. Abin lura kuma shi ne a waɗannan shekaru Rosalind tana musayar wasiƙu da sakamako da mutanen nan biyu, tana kuma ɗaukar shawarar Crick da muhimmanci. Ta zama abokiyar gidansa, har ta yi jinya a wurinsa da matarsa Odile a Cambridge.

Daga masu siffar sanda tawagar ta juya ga masu siffar ƙwallo. Klug da Finch suka ɗauki wani bairos da ke sa ganyen wani kayan lambu na Turai ya yi rawaya, suka fara nuna cewa rigarsa na da tsari irin na siffar nan mai fuska 20, kowace fuska mai kusurwa uku. Duk wannan ana yin sa ne cikin ƙarancin kuɗi. Hukumar binciken noma ta Birtaniya, wadda ke biyan albashin tawagar, ta yi ta jan ƙafa a kan matsayinta da kayan aikin da take nema, kuma Rosalind ta ɓata lokaci mai yawa tana rubuta takardun neman tallafi domin kada yaranta su rasa abin yi. A 1957 ne Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Ƙasa na Amurka suka ba ta wani babban tallafi da ya tabbatar da ci gaban aikin.

A lokacin kuwa ciwo ya riga ya kama ta. A bazarar 1956, tana rangadin ɗakunan bincike a Amurka, inda ta haɗa da hawan duwatsu a Kalifoniya, ta lura cikinta na kumbura. Da ta dawo Landan aka yi mata tiyata a watan Satumba, aka tarar da sankarar ƙwan mahaifa. Wasu na danganta ciwon da yawan mu'amala da hasken eksire a zamanin da ba a cika kiyayewa ba, wasu kuma na nuni da cewa cutar daji ta taɓa wasu daga danginta. Ba a tabbatar da ko ɗaya a matsayin sanadi ba. Tsakanin kwanciya asibiti da tashi ta ci gaba da aiki, kuma maƙalolin da suka fito da sunanta a 1956 da 1957 sun haura goma.

A cikin wannan hali ne ta ɗauki aiki mafi haɗari a rayuwarta, wato bairos ɗin shan inna. A 1955 wasu masana biyu a Berkeley, Carlton Schwerdt da Frederick Schaffer, sun yi nasarar daskarar da shi ya zama ƙananan ƙwayoyi masu tsari, karo na farko da aka yi haka da bairos mai kama mutum ko dabba. Rigakafin Jonas Salk bai daɗe da fitowa ba, kuma cutar na ci gaba da shanye ƙafafun yara a Turai da Amurka, don haka tsoronta a zukatan mutane sabo ne fil. A cikin filas aka ɗauko ƙwayoyin daga Amurka zuwa Landan. Ma'aikatan Birkbeck suka nuna rashin amincewa da a ajiye irin wannan abu a tsohon gini marar kariya, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Daga bisani aka mayar da ɗaukar hotunan zuwa Makarantar Tsafta da Magungunan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan, inda ake da wurin da ya dace. Ga mai karatu a Najeriya, inda aka yi ta fama da wannan cuta har zuwa 2016 da aka ga na ƙarshen masu kamuwa da nau'inta na daji a jihar Borno, kafin a ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da shi a Agustan 2020, ba sai an yi dogon bayani a kan abin da take nema ta gani ba.

Ba ta kai ga ganin sakamakon ba. An gayyace ta ta shirya manyan samfuran bairos domin baje kolin duniya na birnin Brussels a ƙasar Beljiyam. Tun da farko, da take gwada yadda guntayen ke jeruwa, da ƙwallayen wasan tebur da robobin hannun keke ta riƙa haɗa samfurinta. Wanda aka kai baje kolin, na bairos ɗin taba, tsayinsa ya kai ƙafa biyar. Ta koma aiki a farkon 1958, jiki ya sake tsananta a ƙarshen Maris, ta rasu ranar 16 ga Afrilu a unguwar Chelsea ta Landan. Washegari, 17 ga wata, aka buɗe baje kolin. Bernal ne ya rubuta ta'aziyyarta a Nature da jaridar The Times, inda ya yaba tsabtar aikinta da kyawun hotunanta. A wasiyyarta ta bar wa Klug kaso mafi girma na abin da ta mallaka, abin da ya ba shi damar zama a Ingila da iyalinsa ya ci gaba da binciken.

A 1962 aka ba Crick da Watson da Wilkins kyautar Nobel saboda DNA. Ba a gabatar da sunan mamaci a wannan kyauta, ba a kuma raba ta tsakanin fiye da mutum uku. A 1968 Watson ya fitar da littafinsa The Double Helix, inda ya zana ta a matsayin mace mai zafin rai wadda ba ta fahimci abin da ke hannunta ba, yana kiran ta da wani laƙabi da ba ta amsawa a rayuwarta. Littafin ya fusata waɗanda suka san ta. Ƙawarta Anne Sayre ta mayar da martani da nata littafin a 1975, Brenda Maddox kuma ta rubuta cikakken tarihinta a 2002. Wannan gyara ya zama dole, kuma ya yi amfani: a yau akwai jami'a mai sunanta a jihar Illinois ta Amurka, hukumar sararin samaniya ta Turai ta sa sunanta a motar binciken da take shirin aikawa duniyar Mars, Birtaniya kuma ta buga kwabo na tunawa da ita a 2020. Sai dai gyaran ya zo da tasa illar. Ya mayar da ita matar da aka zalunta kawai, alhali takardunta na nuna masaniya ce da ta yi suna a fagage uku daban-daban, kwal da DNA da bairos, kafin ta cika shekara 38.

Tawagar da ta bari ba ta watse ba. Klug ya karɓi ragama, kuma a 1959 shi da Finch suka buga sakamakon aikin shan inna a Nature, suka nuna cewa rigar wannan bairos ma tana bin tsarin nan na siffa mai fuska 20, irin na bairos ɗin tsirrai da suka fara dubawa. Sun sadaukar da maƙalar gare ta. A 1962 tawagar ta koma Cambridge, kuma a shekarar ce Caspar da Klug suka fitar da ƙa'idar da ke bayyana yadda guntaye masu kama ɗaya ke haɗuwa su gina rigar bairos mai siffar ƙwallo, ƙarama ko babba, ƙa'idar da har yau ake koyar da ita. Sanin cewa furotin ɗin riga na iya jeruwa da kansa ba tare da sinadarin gado ba shi ne tushen wasu alluran rigakafi na yanzu, ciki har da na bairos ɗin da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, wanda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata a Oktoban 2023: riga ce fayau wadda ke koya wa jiki gane maƙiyi ba tare da ta iya haifar da cuta ba. Klug ya ci gaba ya ƙirƙiro hanyar haɗa cikakkiyar sura daga hotunan na'urar hangen ƙananan halittu mai aiki da lantarki, wadda jikokinta ne aka yi amfani da su wajen ganin ƙayar bairos ɗin korona a farkon 2020. A 1982 aka ba shi kyautar Nobel a fannin sinadarai shi kaɗai, saboda wannan hanya da kuma bayyana surar haɗakar furotin da sinadaran gado, aikin da ya faro a saman benen Torrington. A jawabinsa na karɓar kyautar ya ambaci Rosalind a matsayin wadda ta shigar da shi binciken bairos, ta kuma nuna masa yadda ake tunkarar matsala mai wuya. Cikakkiyar surar bairos ɗin shan inna, ƙwayar zarra bayan ƙwayar zarra, sai a 1985 James Hogle da abokan aikinsa suka fitar da ita a Amurka, shekara 27 bayan rasuwarta.